Mun Ziyarci Wata Makarantar Gwamnati A Kakuri

Kwanan baya wata hidima ta kai mu Kaduna, muka sauka wurin wani ɗan'uwa a Kakuri. Da yake mu malamai ne, ba mu iya wuce makaranta ba mu leƙa ba.

Kakuri tana kudancin kogin Kaduna. In mutum ya haye gada ya yi kudu, ba ya daɗewa sai ya hangi manyan gine-ginen masaƙu. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, mutane suka zo daga ko'ina neman aiki. An rufe ta a 2002, waɗansu kuma suka bi bayanta. Tun da aiki ya tsaya, iyaye da yawa ba su da halin kai 'ya'yansu makarantar kuɗi. Ta gwamnati ita ce gatansu.

Da safe muka bi ayarin yara har wata firamare. Hedimasta ya karɓe mu da murna, ya kai mu aji huɗu. Muka ƙirga yara, sun fi 80, alhali tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35. Masu benci sun matsu, sauran suna zaune a ƙasa. Malamar ta rubuta jimla a allo, ta karanta, yara suka amsa gaba ɗaya har ɗakin ya ɗauka. Sa'an nan muka roƙa a ba mu alli, muka rubuta wata sabuwa, muka kira su ɗaya ɗaya. Kaɗan ne suka iya. Ashe da kunne suke karatu, ba da ido ba.

Ba mu ga laifin malamar ba. Wa zai iya duba littattafai 80 kowace rana? Mun ga ta ware yara masu rauni, tana koya musu baƙaƙe a gindin bishiya lokacin tara, ba wanda ya sa ta.

Wannan damuwa ba ta yau ba ce. A 1976 aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu kafin a sami isassun malamai. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE. A 2017 kuma gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Aka sallame su, aka ɗauki waɗansu. Amma sabon malami ma, in an tara masa yara haka, hannunsa biyu ne kawai.

To, ya ku iyaye, ga abin da muka komo da shi. Kada ku dogara ga katin sakamako kaɗai. Yau da dare ku kira yaronku, ku ba shi shafin da bai taɓa gani ba, ku ce ya karanta. In ya kasa, kada ku duke shi. Ku je ku ga malaminsa, ku riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ku zauna da yaron kowane maraice ko da na ɗan lokaci ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.