Rodin Da Na Yarda Aka Musanya

Tun daga shekarar 2023, da Ministan Ayyuka David Umahi ya dage a kan a riƙa shimfiɗa manyan hanyoyin tarayya da kankare maimakon kwalta, duk lokacin da na ji maganar a rediyo sai wani tsohon laifina ya faɗo mini a rai. Na ga ya kyautu in bayyana shi, ko da zai jawo mini dariyar abokan sana'a.

A lokacin ina heluma ne a wurin wani ɗan kwangila, muka sami aikin daɓe farfajiyar wani sito a bayan garin Lakwaja, inda tireloli za su riƙa juyawa da kaya. Wanda bai san aikin ba zai zaci malala kankare kawai ake yi tun daga wannan bango har wancan. A'a, falle-falle ake yinsa, kowane falle kamar mita 5, a bar gaɓa tsakaninsa da na kusa da shi. Dalili kuwa, kankare yana tsukewa idan yana bushewa, yana kuma miƙewa da zafin rana, ya takure da sanyin dare. Fallen mita 5 yakan motsa kamar milimita 1 idan zafi ya sauya da digiri 20. Abin kamar wasa, amma in aka hana shi wannan ɗan motsi sai ya tsage.

To, a cikin gaɓar nan ake jera gajerun rodi a kwance, rabi a wannan falle, rabi a wancan, tsakanin kowane biyu milimita 300, domin idan tayar mota ta taka bakin falle ɗaya, ɗan'uwansa ya taya shi ɗaukar nauyin. Takardar aikinmu ta ce a sa R25, wato rodi mai santsi mai kaurin milimita 25, a kuma shafe rabinsa da giris.

Aka zaga kasuwa kwana uku ba a sami mai santsin ba. Ga siminti an sauke, ga leburori ana biyansu suna zaune a inuwa. Sai maigida ya aiko da Y20, irin rodin nan mai kaushi da zane-zane a jiki wanda ake sa wa ginshiƙi. Na nuna ɗan shakku, ya ce mini, "Haba Malam, na takarda ƙarfinsa 250 ne, wannan kuwa 460. Ka taɓa ganin an nemi jaki an sami doki, aka yi ƙorafi?" Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Maganar ta shige ni, ga shi kuma ina son a ce na gama aiki a kan lokaci. Na sa hannu, muka zuba.

Ba a cika shekara ba aka kira mu. Kusan kowace gaɓa a sashen gabas ta tsage, tsagar kuwa ta bi gefen gaɓar, kamar taki ɗaya daga bakinta, daidai inda rodin ya ƙare. Masu sito suka ɗauko wani tsohon injiniya, ya sa aka fasa wuri ɗaya, ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙarfen, sa'an nan ya tambaya wa ya sa hannu. Na ce ni ne.

Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ɗana, kuskure biyu ka yi, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya shafi lambar ƙarfi." Na farko, zane-zanen jikin rodin an yi su ne musamman don kankare ya kama shi kam, alhali rodin gaɓa ana so ya riƙa zamewa cikin raminsa kamar takobi a kube. Giris ba ya shafe tudun zane. Wato da hannuna na ɗinke fallayen da aka raba da gangan. Na biyu shi ne kauri. Lambar nan ta 250 ko 460 tana nuna nauyin da ƙarfe zai jure ne kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa. Amma kafin a kai wannan haddi, ƙarfe mai 250 da mai 460 daidai wa daida suke rusunawa a ƙarƙashin nauyi, in dai kaurinsu ɗaya. Abin da ke hana rodi rusunawa kaurinsa ne, har ma na milimita 25 ya fi na 20 tauri kusan sau biyu da rabi. Siririn kuma yakan ci kankaren da ke kewaye da shi, ramin ya yi faɗi, gaɓa ta soma girgiza.

Na tambaye shi, to da mun sami mai santsi, mai kauri 25, amma lambarsa ta fi ta takarda fa? Ya ce wannan ba laifi, sai dai a sanar da wanda ya zana aikin ya amince a rubuce. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau: tambayar da ta kamata in yi ba ta fi ta minti biyar a waya ba, kuma lambar mai zanen tana rubuce a gindin takardar da ke aljihuna.

Aka fasa sashen gabas gaba ɗaya, aka sake zubawa da kuɗin maigida. Shi bai taɓa ambaton jaki da doki ba bayan wannan, ni ma ban tuna masa ba, domin sa hannun da ke kan takarda nawa ne. Aiki na gaba da ya samu, wani heluman ya ɗauka. Rodi mai santsin kuwa, da aka tashi nemansa da gaske, a Legas aka samo shi, ya iso Lakwaja cikin kwana huɗu.