Su Wa Suka Riƙe Makaɗa a Zamfara?

Lokacin da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, ranar 1 ga Oktoba 1996, ina da shagon kaset da lasifikar haya a Gusau, don haka taron kiɗa ba ya wuce ni. Sabuwar jiha tana son abin nuna wa baƙi, sai aka shiga tattaro masu wasa: makaɗan kotso da taushi, 'yan tauri, Fulani masu sarewa daga rugagen Bungudu. Daga Sabon Gari kuma ga Yarabawa da gangunansu, ga 'yan rawar Ibo, jikokin waɗanda jirgin ƙasa ya kawo tun 1929 don cinikin gyaɗa da auduga.

Tallafin da jihar ta ba su bai taka kara ya karya ba. Anko ne, da mota, da abinci, sai ɗan alawus. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin gwaji. Wani dattijon Bayarabe ya karɓi kalangu hannun wani yaro daga Tsafe, ya matse tsirkiya, ya kaɗa masa taken mahauta tsaf. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ina ka koyo?" Ashe mahauta ne maƙwabtansa tun yana saurayi.

Ni dai a ganina, masu riƙe makaɗa na gaskiya ba a ofis suke ba. Fada ce da attajirai da masu biki. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, bai cike takarda ba kafin ya waƙe 'Yandoton Tsafe Aliyu. Sarki kan ba makaɗi doki da riga da damman hatsi, ya riƙe shi da 'yan amshinsa shekara da shekaru. Masu biki kuwa ba su tambayar ƙabila. Na sha ɗaura lasifika a bikin Bahaushe inda mai gogen Bazabarme ne.

Sai aka ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Aka rufe sinima da gidajen giya, inda makaɗan Sabon Gari da dama ke samun na cefane. Wasu suka tattara suka koma Kudu, wasu suka kama kasuwanci. Namu na gida da yawa suka jingine kayan kiɗa suka rungumi noma.

Abin da ya rage kuma 'yan bindiga suka ƙarasa. Hanyar Gusau zuwa Tsafe ta zama sai da addu'a, ƙauyukan bayan Dutsen Kwatarkwashi suka daina biki da dare. Yaran yanzu a situdiyo suke rera waƙa da kwamfuta, 'yan siyasa ke biyansu in zaɓe ya matso. Lasifikata kuwa masu wa'azi da masu walima suka fi hayarta, har na sayar da shagon.