Yawo Cikin Jirgi a Tafkin Kainji

Mu mutanen Kaduna, in mun tsaya a Gamji muka dubi koginmu ya cika da damina, sai mu ce mun ga ruwa. Amma wanda ya je Kainji ya san Kogin Kaduna ƙaramin ƙane ne, gama shi kansa a cikin Kwara yake juye ruwansa. A Kainji kuwa Kwara ce aka tare da madatsa, ta zama tafki mai tsawon wajen kilomita 135. Ku auna da Kaduna zuwa Zariya, wadda ba ta fi kilomita 80 ba.

An soma ginin madatsar a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969 domin ba ƙasa wutar lantarki. A 1979 aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma suka zama Gandun Dajin Tafkin Kainji, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. Shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Nijeriya.

Mun je da waɗansu malamai a shekarun baya, sa'ad da hanya take lafiya. Daga Mando muka bi ta Birnin Gwari da Tegina da Kontagora, muka kwana a Sabon Busa. Da sassafe muka shiga jirgi mai inji, kafin iska ta tashi. Kusa da madatsa ruwan bai cika faɗi ba, ana ganin duwatsu da itatuwa dama da hagu. Can gaba sai ya buɗe, har mutum ya rasa ɗaya gaɓar. Muka yi ta wuce masunta cikin kwalekwale suna jan taru, ga tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Tsuntsaye kuwa ba a magana: balbela, da zalɓe, da gaggafar ruwa mai farin kai. Amma mai son ganin dorina da gwanki da mariya, gara ya shiga daji da mota zuwa Kogin Oli. Jirgi ba ya kai mutum wurinsu.

Wani daga cikinmu ya tambayi matuƙin, “Malam, ina tsohon Busa yake?” Sai ya nuna ruwa da hannu, ya ce, “Yana ƙasa.” Muka yi shiru. Da tafkin ya cika, mutane fiye da 40,000 aka tayar daga garuruwansu da tsibiransu. Sarkin Borgu da jama'arsa suka koma Sabon Busa. Gungawa, waɗanda aka sani da noman albasa a tsibirai, da Kambari da sauransu, aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu. Gonaki da kasuwanni da kaburburan kakanni duka suna ƙarƙashin ruwa. Har ma gurguzun ruwan Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya hallaka a 1806, tafki ya shanye shi. A makaranta muna koya wa yara labarin Bature ɗaya da ya nutse a Busa, amma ba safai mukan faɗa musu cewa garin ne ɗungum ya nutse daga baya domin mu kunna fitila a Kawo da Unguwar Rimi ba. A ganina wannan ya fi cancanta su sani.

Akwai kuma abin da ruwan ya rufe wanda har yanzu yana cin rai. Ba a sare dukan itatuwan kwarin ba kafin ruwa ya hau. Kututturansu suna nan tsaye, ba a ganinsu. Tafkin kuma ba ya zama a mataki ɗaya, gama sau biyu Kwara take kawo ruwa a shekara: farin ruwa na daminarmu, wajen Agusta zuwa Oktoba, sa'an nan baƙin ruwa wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ba ya isowa sai cikin hunturu. In ruwa ya ja baya da bazara, kututturan sukan matso kusa da cikin jirgi. Shi ya sa matuƙin kirki yakan yi ta kwana-kwana a inda baƙo yake ganin fili.

A watan Mayu 2021 wani jirgi da ya yi lodi fiye da kima ya tarwatse kusa da Warrah ta Jihar Kebbi da mutane fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Saboda haka, iyaye, in kun tashi shiga jirgi da 'ya'yanku, a nan ko a wani ruwa, ku ƙirga mutanen da ke ciki, ku nemi rigar ruwa ga kowa, kada kuma ku yarda da tafiyar dare. In matuƙi ya ce babu riga, ku sauka.

Tun wajen 2020 'yan bindiga suka sami maɓuya a cikin gandun dajin, hanyar Birnin Gwari ma ta sha fama da su shekara da shekaru. Duk mai niyyar zuwa ya fara tambayar ma'aikatan gandun a Sabon Busa da direbobin tasha yadda hanya take kafin ya ɗaura kaya.