Abin Da Na Jiwo A Agege

'Yan'uwana ɗalibai, hutun da ya wuce na tafi Ikko wurin kawuna, mai fataucin goro a Zangon Agege. Tun ina makarantar Mishan aka koya mana cewa a 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana yadda zuciya ke tura jini ya zaga jiki ya komo. Na haddace wannan don jarrabawa, ban taɓa zaton zancen zai biyo ta kaina ba.

Ran nan na raka kawu asibiti, domin hawan jini ya fara taɓa masa ɓarin jiki. Da likita ya gama da shi sai ya ce, "Samari, kawo hannunka." Ya ɗaura mini abin awo, ya ce 136 bisa 86. Na ce, "Haba likita, shekarata 24, ni ke tsaron gida a ƙwallon kwalejinmu!" Ya sa na koma sau biyu, awo bai sauka ba.

Sa'an nan ya zaunar da ni. Ya ce abin da ake so kada ya wuce 120 bisa 80, in ya kai 140 bisa 90 kuwa ya zama hawan jini. Watau ni ina bakin ƙofa. Zuciyar mutum, in yana hutawa, takan tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya. Ga samari da yawa irina, zuciyar ce ke gaggawa tana tura fiye da haka, hanyoyin jini kuwa ba su ƙuntata ba tukuna. Wani likita a Bergen ta ƙasar Norwe, Lund-Johansen, ya bi irin waɗannan har shekara 20. Ya tarar a hankali hanyoyin sukan ƙuntata, zuciya ta riƙa shan wahala kafin ta tura jinin. Na dubi kawu yana jan ƙafa, jikina ya yi sanyi.

Tun daga ranar na rage gishiri da dunƙule, don an ce kada gishirin yini ya wuce ƙaramin cokali ɗaya. Goro da sigari na bar wa masu su. Ƙwallo kuwa likita ya ce in ci gaba.

To, 'yan'uwa, ni ban ji ciwon kome ba, ku ma ba lalle ku ji ba. Kafin mu fita koyon koyarwa, kowa ya je a auna shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu lafiya, amin.