Mun Sa Hannu Ba Mu Karanta Ba

'Yan'uwa marubuta, akwai wani abin kunya da ya same mu wanda muka daɗe muna ɓoyewa. Amma da muka ji wasu matasanmu suna shawarar cin bashin banki don buga littattafansu, sai muka ga shiru bai kamace mu ba.

A shekarar 2012 muka kammala littafinmu na farko a nan Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo. Duk wanda ya taɓa rubuta littafi ya san zafin ganinsa kwance cikin akwati, gara tana neman ƙofar shiga. Maɗaba'ar da muka yi ciniki da ita a Kano ta ce ba za ta taɓa takarda ba sai ta ga rabin kuɗi, mu kuwa ba mu da komai sai albashi. Nan fa wani abokin aiki ya ce mu je Birnin Kebbi, bankin da albashinmu ke shiga, mu nemi obadiraf, wato banki ya bar mutum ya ciri fiye da abin da ke cikin asusunsa, in albashi ya shigo ya ɗebe abinsa.

Muka je. Aka miƙo mana takarda mai shafi uku da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Muka duba inda aka rubuta adadin kuɗin, muka ga daidai ne, muka sa hannu. Ko zaman kirki ba mu yi ba, don kada motar Kano ta tashi ta bar mu.

To, sai albashi ya yi jinkiri. A nan muka koyi darasin da ba mu nema ba. Ashe kuɗin ruwan obadiraf kullum ake lissafa shi, har Asabar da Lahadi. Ashe tun ranar farko an yanki ladan shirya bashin. Ga kamashon da ake kira COT, wanda a lokacin ya kai naira 5 a kan kowace naira 1,000 da ta fita daga asusu, wato wanda ya fitar da 200,000 ya bar musu 1,000. Da wa'adi ya wuce kuma tara ta hau. Ranar da albashi ya shigo ko ƙyallinsa ba mu gani ba, asusu ya haɗiye shi yana neman ƙari. Uwargida ta tambayi kuɗin cefane, muka rasa bakin magana.

Muka koma banki a fusace, da takardar koke wadda muka kwana muna tsarawa. Jami'in ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce, “Malam, an ce kai marubuci ne ko?” Muka ce haka ne. Ya jawo takardar nan mai shafi uku ya ce, “To, don Allah karanta mini shafi na biyu.” Babu abin da aka cire mana wanda ba ya ciki, ga sa hannunmu raɗau a ƙasa.

Ba muna wanke banki ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Takardar Turanci ce a ƙasar da yawancin jama'arta manoma ne, kuma babu wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Babban Bankin Nijeriya da kansa ya ga kamashon nan ya yi yawa, a 2013 ya mai da shi naira 3, ya yi ta rage shi har ya soke shi a 2016, ko da yake a shekarar ce ya yarda bankuna su karɓi kuɗin kula da asusu wanda bai wuce naira 1 a kan 1,000 ba. Da manomin shinkafar fadama ne wanda bai yi boko ba ya faɗa wannan rami, da mun tsaya masa. Amma mu fa? Mu da muka karanta gwajin ɗab'in littafinmu har sau uku, muna faɗa da mai maɗaba'a a kan lanƙwasar ƙ da ɗ, mu ne muka kasa karanta shafi uku.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Mun san hukuncin kuɗin ruwa sarai. Mun lallashi zuciyarmu da cewa bankin Jaiz, wanda ba ya karɓar ruwa, a shekarar ya fara aiki, kuma rassansa suna can Abuja da Kaduna da Kano. Amma ai akwai adashi a wurin aikinmu, akwai dangi. Gaskiyar ita ce girman kai ya hana mu, ba mu so a ji a gari cewa Malam marubuci yana neman rance.

Ƙarshenta wurin dangin muka koma. Kawunmu ya sayar da shinkafar da ya ajiye yana jiran ta yi tsada, ya ba mu muka rufe asusun. Bai yi mana faɗa ba, ya dai ce, “Ɗana, da ka zo tun farko, da buhu biyu sun rage mini.” Sai da muka shekara muna biyansa kaɗan-kaɗan. Ranar da muka kai masa cikon, ya ce mu bar masa kwafi ɗaya na littafin. Shi ajami kawai yake karantawa, saboda haka jikarsa ce ta riƙa karanta masa bayan sallar isha'i, har suka gano mana kurakurai biyu a babi na farko.