Arzikin Fure Yana Cikin Tukunyarsa

Sanin kowa ne itacen da ke fili yana iya miƙa saiwarsa nesa don neman ruwa da abinci, amma shukar da aka tsare cikin tukunya ba ta da wata duniya sai ɗan abin da aka zuba mata. Wannan ita ce maganar da wani dattijo mai sayar da furanni a bakin titi a Ibadan yake nanata wa yaransa kullum, domin da wannan sana'a yake riƙe da iyali, kuma wanda fure ya mutu a hannunsa ba ya komowa ciniki.

Haɗin dattijon ba boyayye ba ne: kwano 2 na baƙar ƙasa, 1 na yashin rafi, 1 na takin da ya ruɓe sarai. Kowanne da aikinsa. Laka zalla takan riƙe ruwa ta kori iska, alhali saiwa ma tana numfashi. In ta rasa iska sai ta ruɓe, ganye ya yanƙwane, mai shi ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, watau ya ƙarasa ta. Yashi zalla kuwa ba ya riƙe ruwa balle abinci. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyar dusar katako kuma tana janye sinadarin naitirojin yayin ruɓewarta, har ganye ya koma rawaya.

Amma fa ba ya yi wa furanni kuɗin goro. Kariya, wadda ke ajiye ruwa cikin kaurin gindinta, yakan ba ta rabin tukunya yashi da tsakuwa, don kada yawan ruwan Kudu ya ruɓar da ita. Boganbiliya in taki ya yi mata yawa sai ta yi ta ganye kore shar, fure ya ƙi fitowa, saboda haka yakan rage mata. Iksora kuwa ƙasa mai ɗan tsami take so, shi ya sa ba ya kusantar da toka gare ta.

Dattijon bai taɓa shiga aji ba, amma masana sun riga sun tabbatar da hanyarsa. A shekarun 1930 cibiyar John Innes ta Ingila ta fitar da nata ma'aunin: kashi 7 ƙasa, 3 ruɓaɓɓen gansakuka, 2 yashi. Manufar ɗaya ce, a haɗa abinci da danshi da iska wuri guda.

To, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk mai niyyar ƙawata gidansa, kafin ya dubi launin fure, ya fara damƙar ƙasar tana da danshi: in ta dunƙule, kuma ta wargaje da an taɓa ta, ta yi. Sa'an nan ya tabbata gindin tukunyar a huje yake. Allah ya sa albarka.