Kwandon Wabanaki da ’yata mai ba ni amsa da Turanci

Jama'a, ku yi haƙuri, yau rubutun da ɗan tsawo.

Da na ji an ba Jeremy Frey kyautar MacArthur ta 2025, sai na tuna ranar da na kai ’yata gidan kayan fasaha na Portland a 2024, lokacin da aka baje kwandunansa. Wallahi na daɗe a tsaye. Saƙa ce sirit-sirit, kai ka ce da zare aka yi ta, alhali itace ne.

Tun da aiki ya kawo ni jihar Maine nake jin sunan Wabanaki, ban taɓa tambayar su waye ba sai ranar. Su ne ’yan asalin wannan yanki na Amurka da gabashin Kanada: Passamaquoddy, Penobscot, Maliseet, Mi'kmaq da Abenaki. Sunan na nufin mutanen ƙasar ketowar alfijir. Frey ɗan Passamaquoddy ne.

Kwandon ba ƙaramin aiki ba ne. Mutum zai shiga daji ya zaɓo wata bishiya da ake kira ash, ya sare, ya yi ta dukan gungumen da bayan gatari har itacen ya riƙa ɓarewa falle-falle. Sai a tsaga, a kankare, a saƙa, a haɗa da wata ciyawa mai ƙamshi. A tatsuniyarsu ma, daga jikin wannan bishiyar mutanensu suka fito.

Sana'ar ta kusa mutuwa fa. A 1993 da suka kafa ƙungiyar masaƙa kwando ta Maine, yawancin masu yi tsofaffi ne. Sai suka haɗa dattawa da yara, kowa ya zauna kusa da gwani yana koyo. Hannuwa sun samu, sai ga wata masifar: wani ƙwaro kore daga Asiya, da aka fara gani a Michigan a 2002, ya iso Maine a 2018, yana kashe bishiyar. Yanzu har irinta suke tarawa suna ajiyewa.

Haka suke fama a kan harshe da waƙa. A 1890 wani mai bincike, Jesse Walter Fewkes, ya naɗi waƙoƙin Passamaquoddy a garin Calais. Bayan fiye da shekara 100, jikoki suka zauna da dattawa suna sauraro, suna tsinto kalma ɗaya-ɗaya. A 2008 suka fitar da babban ƙamus na Passamaquoddy da Maliseet.

Ga inda abin ya taɓa ni. A gaban wani kwando na ce wa ’yata, "Kakarki ma tana saƙa faifai." Ta ɗago ta tambaye ni da Turanci mene ne faifai. Na rasa bakin magana. Su an tilasta wa iyayensu barin harshensu a makarantu. Ni wa ya tilasta mini? Ba kowa. Lalaci ne kawai, da cewa ai Hausa tana da miliyoyin masu magana, ba za ta ɓata ba. Eh, a Kano ba za ta ɓata ba. A gidana kuwa ta fara.

Tun daga nan, kowace Lahadi muna kiran Inna a WhatsApp, kuma dokar ita ce Hausa zalla. Yarinyar tana in'ina, Inna tana dariya, amma ana tafiya.

’Yan uwa mazauna waje, ku ya kuke yi da naku? Allah Ya shirya mana zuri'a.